Sulallan zinare na Armeniya: ajiya ce ko sha'awa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, ina kuma zuwa Dubai saro kaya. A can wani mai shagon gwal ya nuna mini sulallan zinare da na azurfa na ƙasar Armeniya, kowanne da akwatinsa da takardar shaida. Ya ce kaɗan ake bugawa, in sun ƙare ba a ƙarawa, saboda haka kuɗinsu kullum hawa yake. Ina da ɗan abin da na tara, ina kuma tsoron faɗuwar naira. Shin in zuba a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsoron da kake ji yana kan hanya. Duk wanda ya riƙe naira a hannu tun da aka bar kasuwa ta yanke farashinta a watan Yunin 2023 ya ga yadda dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 har ta haura 1,500 cikin shekara guda. Neman mafaka a zinare ba wauta ba ne. Sai dai abin da aka nuna maka kaya biyu ne aka haɗa a farashi ɗaya, kuma ɗaya ne kawai zai biyo ka Kano.

Sulallan na gaske ne, ba na musun wannan. Babban Bankin Armeniya da ke birnin Yerevan ne ke fitar da su, tun bayan da ƙasar ta samu 'yanci a 1991 ta kuma ƙirƙiri kuɗinta, diram, a watan Nuwamban 1993. Akasari a ma'aikatun buga kuɗi na Turai ake ƙera su, a ƙasashe irin su Folan da Jamus. Kowanne yana tuna wani abu da Armeniyawa ke alfahari da shi: cikar shekara 1700 da karɓar Kiristanci a matsayin addinin ƙasa, wanda suka yi bikinsa a 2001, haruffan rubutunsu da Mesrop Mashtots ya tsara wajen shekara ta 405, cikar Yerevan shekara 2800 a 2018, da mawaƙansu da malamansu da tsoffin majami'unsu. Aikin yana da kyau ƙwarai, wani ma kana iya ganin fuskarka a jikinsa.

To, idan ka sayi irin wannan sule, kana biyan kuɗin ƙarfen da ke ciki, kana kuma biyan kuɗin labarin: zanen, da akwatin, da takardar, da ƙarancin adadin da aka buga. Ƙarfen yana da kasuwa a ko'ina a duniya. Labarin kuwa sai a wajen masu shi. Armeniyawan da ke cikin ƙasar wajen miliyan 3 ne, amma waɗanda ke waje sun fi su yawa, a Rasha, da Faransa, da Labanan, da yankin Los Angeles a Amurka. Wanda kakansa ya bar ƙasar ya zauna a Beirut zai iya ninka kuɗi don ya ba jikarsa sule mai ɗauke da harafin farko na sunanta. Su da masu sha'awar tara tsoffin kuɗi su ne kasuwar. Kai wa ka sani a cikinsu?

Ka ɗauka ka shigo da shi gida, wata rana kwantena ta iso kana neman kuɗin fito cikin gaggawa, ka kai wa mai sayen gwal. Ba zai karanta takardar shaida ba, akwatin ma gefe zai ture shi. Zai ɓalle murfin robar da sulen ke ciki, ya riƙe shi da yatsu, ya goga bakinsa a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora a sikeli. Kafin ya faɗi farashi ya riga ya kashe kuɗin labarin da ka biya, domin a wajen masu tarawa ɗan ƙarce ɗaya ko shatin yatsa a fuskar sulen yana zubar da darajarsa. Idan kuma zanen coci ne ko giciye, ka san ba wanda zai saya ya rataya wa amarya. Makomarsa tukunyar maƙeri.

Ga lissafin da nake so ka yi a gaban mai shagon na Dubai, da wayarka. Da yawa daga cikin sulallan zinaren Armeniya nauyinsu giram 8.6 ne, tsarkinsu 900, wato kashi 90 cikin 100 ne zinare, sauran gauraye. Ke nan zinaren da ke ciki giram 7.74 ne, kimanin karat 21.6. A ce, don sauƙin lissafi, giram ɗin zinare zalla dala 100 ne a ranar. Ƙarfen ya kama dala 774. Idan ya ce maka dala 1,100, to ka biya dala 326 kuɗin labari. Sai zinare ya tashi da fiye da kashi 40 cikin 100 kafin ka mai da uwar kuɗinka a sikeli, ban da ɗan abin da mai saye zai rage don tasa ribar. A azurfa abin ya fi muni. Yawancinsu giram 28.28 ne a tsarkin 925, kuma sau da yawa kuɗin zane da akwati ya fi na azurfar kanta. Lambar da aka rubuta a jiki ma kada ta ruɗe ka: diram 10,000 na Armeniya da ke kan sulen zinare bai kai dala 30 ba.

Batun "kaɗan ake bugawa" gaskiya ne, amma ƙaranci shi kaɗai ba ya sa abu tsada. Bankin yana fitar da sababbin zane kusan kowace shekara, haka ma wasu ƙasashe da dama ke yi. Wani sulen yakan yi farin jini kuɗinsa ya hau, wani kuma ya kwanta shekaru ana neman mai ɗauka ko da a faɗuwa. Rarrabe wannan da wancan sana'a ce ta masu ita, kamar yadda kai kake gane atamfar da za ta tafi da sallah tun daga ganin zanenta, wanda baƙo ba zai gane ba.

Akwai guda ɗaya da na ware. Tun 2011 Armeniya take fitar da sulen azurfa mai hoton jirgin Annabi Nuhu, alaihis salam, da kurciya riƙe da reshen zaitun, da Dutsen Ararat a baya. Su a al'adarsu a kan Ararat jirgin ya sauka, dutsen da a yau yake cikin Turkiyya amma ana hango shi daga Yerevan. Mu kuma Alƙur'ani ya ambata mana Judi a Suratu Hud. Wannan sulen kamfanin Geiger na Jamus ne ke ƙera shi, tsarkinsa 999, kuma don ajiya aka yi shi, ba don ado ba. Mai oza ɗaya, giram 31.1, an rubuta masa diram 500; akwai ƙanana, akwai manya har na kilo. Ana buga shi da yawa, don haka abin da ake ɗorawa a kan kuɗin azurfar kaɗan ne, kuma dillalan Turai sun san shi. In har sai ka sayi na Armeniya, wannan ya fi kusa da bukatarka. Amma ka sani azurfa ba ta da natsuwar zinare: ta kusa dala 50 a oza a 2011, kafin ƙarshen 2015 ta dawo ƙasa da 15. Ga nauyi, ga ƙarancin masu saye a nan.

Shawarata, idan kare dukiya kake so, ka sayi zinaren da 'yan gwal ɗin garinku suka saba karɓa ba gardama, ƙaramin sanda mai hatimi ko gwal marar yawan kuɗin ƙira, da rasit. Kuma kada ya zama jarin shago ne ka daskarar. Zinare ba ya haihuwa, atamfa kuwa tana juyawa. Abin da ba ka bukata nan da shekara biyu ko uku shi za ka ajiye. Ka bayyana wa kwastan idan za ka shigo da shi. Ka tuna da zakka in ya kai nisabi, kimanin giram 85 na zinare ko 595 na azurfa, shekara ta zagayo. Cinikin zinare da kuɗi kuma hannu da hannu ake yinsa, don haka in wani ya ce ka tura kuɗi ta intanet a aiko maka daga baya, ka tuntuɓi malaminka tukuna. Ba a cinikin biri a sama.

In kuwa zanen ne ya shiga ranka, sayi ɗaya ka ajiye a matsayin sha'awa, ba laifi. Kafin ka biya, ka tambayi mai shagon nawa zai saye shi daga hannunka gobe da safe, ka ce ya rubuta maka a bayan rasit. Idan tazarar da ke tsakanin farashin biyu ta wuce kashi 10 cikin 100, kada ka ɗauki fiye da guda.