Otal a Tsakiyar Birnin Rum Ya Haɗa Ni Faɗa da Maigida

Assalamu alaikum Anti. Matsalata in wani ya ji sai ya ce ta masu ƙoshi ce, amma yau kwana huɗu ke nan tsakanina da Abban yara sai gaisuwa.

Takalma da jakunkuna yake sarowa daga Italiya, ya daɗe yana zuwa shi kaɗai. Bana ya ce zai tafi da ni da Hajiya mahaifiyarsa, mu yi kwana 5 a birnin Rum kafin ya shiga harkokinsa. Hajiya na fama da gwiwa, ko sallah a kan kujera take yi. Na zauna da waya na samo mana otal a cikin gari, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Termini. Shi kuma ya kafe sai wanda ya saba sauka kusa da filin jirgin sama na Fiumicino, wai ɗakuna biyu a can sun fi araha da yuro 60 a kowane dare. Muna cikin ja-in-ja bakina ya suɓuce na ce rowa ce kawai, kuma a gaban Hajiya. Ya ce ni ce mai son ƙarya, hoto nake so in ɗauka ƙawaye su gani. Ba zan ɓoye miki ba, ina son hoton, amma wallahi ƙafar Hajiya na fara dubawa. Ga takardar kama otal ana jira a haɗa da takardun biza. Anti, in haƙura ko in dage?

'Yarki daga Kaduna

Wa alaikumus salam 'yata.

Mutumin da ya ɗauki nauyin tikitin mutum uku zuwa Turai, shi kika kira marowaci a gaban uwarsa? Wannan ce ta hana shi magana, ba otal ba. Ki same shi ku biyu ki ba shi haƙuri, kuma kada ki haɗa ban haƙurin da "amma". Washegari sai ki kawo takarda da biro, tunda ɗan kasuwa ne, lissafi ya fi shiga kunnensa.

Tsakanin Fiumicino da cikin gari kusan kilomita 30 ne. Jirgin ƙasa na Leonardo Express da ke kaiwa Termini cikin minti 32 yuro 14 ne kowane mutum. Ku uku, zuwa da dawowa, yuro 84 ke nan a rana, ya cinye yuro 60 ɗin har da ƙari. Zai ce akwai mai araha na yuro 8, kuma gaskiyarsa ne, sai dai ba ya shiga Termini, dole ku sauka a wata tasha ku sake hawa wani abin. Shi da ƙaramar jakarsa wannan ba komai ba ne. Da tsohuwa mai dafa bango kafin ta miƙe, aiki ne. Abin da ya fi damuna ma azahar. Tsakiyar Rum duwatsu ne ƙanana aka jera a tituna, ba su da laushi ga mai lafiyar ƙafa ma. Awa biyu Hajiya za ta ce a mayar da ita. In ɗaki na kusa, tasi zai kai ta ta yi sallah ta miƙe ƙafa, ku ku ci gaba da yawonku. In yana Fiumicino, yinin kowa ya ƙare. Daga Termini kuwa tasha biyu ce a jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Kolosiyam, tsohon filin wasan Romawa da baƙi ke zuwa kallo.

To amma kada ki ɗauka tsakiyar gari aljanna ce. Yawancin ƙananan otal ɗin unguwar a cikin tsofaffin benaye suke, wani a hawa na uku ko na huɗu. Lif ɗin kan zama ɗan ƙarami, mutum biyu da akwati ɗaya ya cika, wani ginin ma sai an taka matakala kafin a kai ga lif. Ki rubuta musu kafin a biya ko sisi: akwai matakala daga bakin titi zuwa lif? Banɗakin Hajiya na shawa ne ko kwamin wanka da sai an ɗaga ƙafa? Ki roƙi ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gini, don babura da ƙararrawar coci ba sa duba agogonki. Ki sa harajin kwana a lissafi tun yanzu, kada ya zama sabon faɗa a wurin biya: tun ƙarshen 2023 yuro 6 ne kowane mutum kowane dare a otal mai tauraro 3, sau da yawa daban ake karɓarsa. Kewayen Termini kuma akwai 'yan sane, jaka a gaba, fasfo a ɗaki, gwala-gwalan nan a bar su a Kaduna.

Unguwar na da nata daɗin. Kasuwar Esquilino, kusa da dandalin Vittorio, tafiyar ƙafa ce, akwai mahauta masu sayar da naman halal da kayan miya irin namu. A gidan abinci ki kiyayi taliyar carbonara da amatriciana, da naman alade ake yin su. Ranar Juma'a ku ɗauki tasi zuwa babban masallacin Rum da ke Parioli, wanda aka buɗe a 1995; ina zaton shi Hajiya za ta fi ba da labari in kun dawo.

Ki bar masa ƙofar fita. Ki ce dare 4 a cikin gari, daren ƙarshe a otal ɗinsa na Fiumicino tunda ya san mutanen wurin. Ki nemi kamun da ake iya sokewa ba tare da asara ba, saboda biza ba a hannunku take ba. In har bayan lissafin ya ce aljihunsa bai kai ba, ki yarda da shi, sai ku rage kwanakin zuwa 3 a cikin gari.

Hoton kuma ki ɗauka abinki. Ki fara da na Hajiya da ɗanta.