Ku Tambayi Gwaggo: Ina so in rage aragi, amma hannuna rawa yake yi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo. Don Allah ki sakaya sunana. Ni magidanci ne, shekaruna 43, mata ɗaya da 'ya'ya biyar. A Wad Madani da ke Sudan aka haife ni, can nake da shagon gyaran babura har watan Disamba na 2023 da yaƙi ya shigo garin, muka ɗebi abin da hannu zai iya ɗauka muka yo Gadarif. Yanzu rakshar wani nake ja, wato babur mai ƙafa uku na haya, da dare in kai masa kuɗinsa.

Da can jifa-jifa nake taɓa aragi, giyar nan da ake dafawa a gida, sai an haɗu da abokai. Tun da muka zo nan abin ya zama na kullum. In na ajiye raksha bayan isha'i, sai in bi ta wani gida a bayan kasuwa a zuba mini a robar ruwa mai rabin lita. Da farko rabinta ke isata. Yanzu sai na shanye, wata rana har in ƙara. In ban sha ba barci ba ya zuwa, ƙarar harbi nake ta ji a kunnena.

Watan jiya na rantse na bari. Washegari da hantsi hannuna ya kama rawa har na kasa riƙe kofin shayi, gumi ya jiƙa mini jallabiya, ga faɗuwar gaba, ga tashin zuciya. Dare na biyu na koma. Na tambayi wani malami a kaikaice, na ce abokina ne, ya ce haram ba a rage ta, barinta ake yi yau-yau. Wani abokina kuma ya ce in riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Wa zan bi? Asibiti kuma tsoro nake ji kada maganar ta kai ga hukuma. Matata ta sani amma ba ta taɓa furtawa ba, sai dai in ta ji motsina a ƙofa ta kwashe yara ta kai su ɗakin baya.

Ɗanki a Gadarif

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yaye maka, ya mayar muku da abin da kuka rasa. Sunanka na sakaya, unguwar ma na cire.

Mu ajiye malam da abokinka tukuna, mu fara da hannun nan naka, don shi ya fi damuna a duk wasiƙar. Rawar da ya yi ba raunin imani ba ce. Giya danne ƙwaƙwalwa take yi, ƙwaƙwalwar da ake dannewa kowane dare kuwa sai ta ƙara wa kanta wuta don ta iya aiki. Kai da ka san inji za ka gane: mutum ne ya taka birki ya kuma murɗa totur, ya daɗe a haka, rana ɗaya ya saki birkin. Abin da ya same ka ke nan. Alamomin kan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe. Wasu jijjiga ke kama su cikin kwana biyun farko. Mafi muni yana zuwa ne tsakanin kwana na biyu da na huɗu: zazzaɓi, ruɗewa, mutum ya riƙa ganin ƙwari ko mutanen da babu su, bai san inda yake ba. Wannan yana kisa.

Lokacin da nake aikin jinya a sashen maza, a farkon azumi muka fi ganin irinsu. Mutum ya tuba ranar da aka ga wata, ranar uku ga Ramadan 'yan'uwa su kawo shi a ɗaure da rawani, sun kwana ana yi masa ruƙiyya, wani na cewa aljanu ne, wani na cewa maleriya ce ta hau masa kai. Sai ka ja ƙaninsa gefe, ya sunkuyar da kai, sannan ka ji gaskiyar magana. Kuma wanda ya sha wannan wahala sau ɗaya, ta gaba takan fi tsanani. Saboda haka kada ka sake yanke ta lokaci ɗaya kai kaɗai a ɗaki.

Likita za ka gani, a makon nan. Ka faɗa masa adadin yadda yake, kada ka rage ko kurɓa ɗaya don kunya, domin da abin da ka faɗa zai auna magani. Abin da ake yi ba wani abin tsoro ba ne. Ana ba da maganin kwantar da jijiyoyi irin su diazepam na kamar mako guda, ana rage shi kullum, a haɗa da bitamin B1, wanda jikin mai shan giya ke rasawa, rashinsa kuma yana lalata ƙwaƙwalwa har mutum ya kasa riƙe abin da aka faɗa masa ɗazu. Likita ne zai duba ko a gida za ka yi ko sai an kwantar da kai. Abin da na hana ka shi ne ka je shagon magani ka sayi diazepam da kanka ka haɗa da aragi. Su biyun numfashi suke dannewa, mutum ya kwanta bai tashi ba. Haka ma tramadol.

Tsoron hukuma da kake ji ba zan ce maka banza ba ne. Dokar Sudan ta 1991 ta yanke wa Musulmin da ya sha bulala 40, gyaran da aka yi a 2020 kuma waɗanda ba Musulmi ba ya sassauta wa. Amma sirrin mara lafiya amana ce a wuyan likita, kuma kai neman bari ka je yi. Ka tafi da safe, ka zaɓi asibitin da ba na unguwarku ba in hakan zai kwantar maka da hankali. Tun watan Satumba na 1983 shugaban ƙasa Numeiri ya sa aka tuttular da kwalabe a kogin Nilu a Khartum, ga shi fiye da shekara 40 aragi na nan bayan kasuwanni. Bulala ba ta taɓa warkar da hannu mai rawa ba.

In ka je, akwai abin da nake so ka roƙa. Yaron da ya tashi a jihar Jazira, inda Madani take, da wuya a ce bai yi wanka a magudanan ruwan gonaki ba, can kuwa tsargiya take. Irin wadda ke zama a hanji tana bin jini ta yi wa hanta tabo shekara da shekaru mutum bai sani ba. Ga ciwon hanta nau'in B da ya yi yawa a cikinmu. Hantar da ke ɗauke da ɗayan waɗannan, in aka ɗora mata rabin lita kowane dare, ba ta jimawa. Ka ce a gwada jininka, a yi maka hoton ciki. In kuwa ka ga aman jini, ko baƙin bayan gida mai sheƙi, ko idanunka sun yi rawaya, ko ciki ya kumbura, kada ka jira gari ya waye.

To, malam. A hukunci gaskiya ya faɗa, ba ni da ja. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida cewa ta yi a nisance ta, kuma hadisi ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗansa ma haram ne. Sai dai ka tambaye shi ne a kan wani aboki da babu shi, bai ga hannunka ba. Ka koma ka faɗa masa kai ne, ka faɗa masa abin da likita ya ce. Malamin kirki ya san cewa haramcin nan a mataki-mataki ya sauka, daga Baƙara aya ta 219, zuwa Nisa'i aya ta 43, sannan Ma'ida. Ya san maganar Nana A'isha da ke cikin Buhari, cewa da abin da ya fara sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za mu taɓa bari ba. Ya kuma san mutumin da aka yi ta kawowa gaban Annabi (SAW) saboda sha, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da ManzonSa. Ba fatawa nake ba ka ba, ba aikina ba ne. Ina faɗa ne don na san irinku: mutum ya ga ya karya rantsuwa sai ya ji kunyar sahu, ya bar masallaci, daga nan ba shi da wurin zuwa sai bayan kasuwa. Rantsuwar tana da kaffara, tana cikin ayar da ke gab da ta giyar, malam zai yi maka bayani. Salla kuwa kada ka sake ta.

Abokinka ma bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa. Ragewa hanya ce ta zuwa bari, ba wurin zama ba. Ga mai jiki irin naka kuma, amfaninta shi ne ta riƙe ka kafin ka ga likita, ko in ganin nasa ya gagara. In dole ta sa, ga yadda ake yi. Ka daina ƙarin nan tun daren yau. Ka ɗaura zare a jikin robar daidai inda ka saba, ka tsaya a nan wasu kwanaki ba ƙari. Sannan ka riƙa sauko da zaren kamar kashi ɗaya cikin goma duk bayan kwana huɗu. In rawa da gumi suka yi tsanani, alama ce ka yi saurin ragewa, ka dakata a inda kake. Kada ka sha da yunwa, ka ci ful ko asida tukuna, ka yawaita ruwa.

Abin da ya sa ban cika yarda da wannan hanya ba, aragi ba shi da ma'auni. Tukunyar yau daban, ta gobe daban, zaren na wuri ɗaya amma ƙarfin abin da ke ciki ya canza. Akwai kuma marasa tsoron Allah da ke gauraya shi da sinadarin metanol don ya yi auki, shi kuwa makantarwa yake yi, yana kisa. Duk ranar da ka ga ganinka ya yi hazo bayan ka sha, ko da washegari ne, asibiti kai tsaye.

Ga wani lissafi da nake so ka kwana da shi. In aragin ya kai ƙarfin kashi 40 cikin 100, rabin lita na ɗauke da giya zalla giram kusan 160. Hantar yawancin mutane ba ta wuce giram 10 a awa. Ka gama sha ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ƙarfe bakwai na safe ka ɗauki yaran mutane zuwa makaranta. Kai kana jin ka wartsake, jininka bai wartsake ba. Shayi mai kauri da wanka ba sa rage komai. Har a gama wannan magani, ka nemi wanda zai riƙe maka rakshar da safe.

Batun barci. Giya tana kayar da mutum da wuri, amma tsakar dare sai ta farkar da shi, mafarkai su yi muni. Ƙarar harbin da kake ji ciwo ne mai zaman kansa, dubban waɗanda suka fito daga Madani da Khartum suna fama da shi, kuma yana da magani. Ka faɗa wa likita shi ma. Ka kuma sani tun yanzu cewa bayan ka bari, barcinka zai yi makonni bai daidaita ba. A nan mutane da yawa ke komawa, suna zaton haka za su dawwama.

Sauran aikin tsakanin isha'i da kwanciya yake. Ka canza inda kake ajiye raksha don kada ƙafarka ta bi ta bayan kasuwa. Cinikin yini, ka cire na mai raksha, sauran ka tura wa uwargida ta manhajar banki ta Bankak tun kafin magariba, aljihunka ya zama babu na roba. In zaman hira kake so, ka zauna wurin mai shayi ka sha karkade ko madara da hulba, ban da jabana, wato gahawa, da dare.

Uwargidan nan kuwa, wadda ke kwashe yara don kada su ga ubansu a wannan hali, mutuncinka take karewa, kuma ta gaji. Ka zaunar da ita da rana ka faɗa mata da bakinka. Dole ma sai da ita, domin a kwanakin farko ana bukatar wanda zai kwana kusa da kai, ya san alamomin da na lissafa, ya san wanda zai kira in dare ya yi. In ka zame wata rana bayan ka bari, ka koma wurin likita washegari, ba sai ka jira wata sabuwar rantsuwa ba. Ka sake rubuto mini bayan wata guda, ina son jin sakamakon hoton cikin.

TAMBAYA

Gwaggo, mijina yana sha kullum. Maƙwabciyata ta ce akwai wata ƙwaya da ake dakawa a zuba wa mutum a miya bai sani ba, in ya sha giya ta sa shi amai har ya tsane ta. In nema?

'Yarki a Kassala

AMSA

Kada ki nema, 'yata. Maganin da take nufi sunansa disulfiram. Wanda ya sha shi sannan ya sha giya, fuskarsa kan yi zafi, ya yi ta amai, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya faɗi. In yana da ciwon zuciya ko na hanta da ba ki sani ba, kina iya zama sanadin ajalinsa da hannunki. Likita ma ba ya ba da shi sai da sanin mutum da yardarsa. Kada kuma ki zubar masa da abin da ya ɓoye ki kulle ƙofa, ki karanta abin da na faɗa wa ɗan'uwanki na Gadarif a kan yankewa lokaci ɗaya.

Ki yi masa magana da safe bayan ya karya, ba da dare ba. Ki faɗi abin da idonki ya gani, kamar kuɗin cefanen da ya ɓace ko yaron da ya fara tambaya, ki bar gori. In da wani yayansa ko kawunsa da yake jin nauyi, mai riƙe sirri, ki sa shi a ciki ya raka shi asibiti. In kuwa yana ɗaga miki hannu in ya sha, wannan ba ya jiran ya warke, ki kwashi yara ki tafi gidanku, a yi sauran maganar daga can.