Karena ya ciji ɗan maƙwabci a yawon Sallah: ina matsayina a doka?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Kaduna, ina da kare namiji ɗan shekara 3 da nake ajiyewa saboda gadi. Da rana yana ɗaure da sarƙa a gindin mangwaro kusa da get, da dare mu sake shi. Washegarin ƙaramar Sallah yara suka shigo yawon barka da Sallah, get a buɗe, sai ɗan maƙwabcina mai shekara 8 ya matsa kusa da karen, karen ya cije shi a ƙwauri har jini ya fita. An kai shi kemis an wanke an sa bandeji. Yanzu mahaifinsa ya ce in biya magani da diyya, in ba haka ba ya kai ni caji ofis. Ni ban gayyaci yaran ba, karen kuma a ɗaure yake. Kwanakin baya ya taɓa kai wa ɗan garuwa cafka ya yaga masa wando, amma ba na gida, uwargida ce ta gani. Rabon karen da allura ya kusa shekara 2. Yau kwana 3 da faruwar abin. Ga Babbar Sallah na tafe, gidan zai cika da baƙi. Mene ne matsayina?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba yaron lafiya. Kafin mu taɓa doka akwai abin da ba ya jiran gobe. Wankin kemis da bandeji bai wadatar ba. A kai yaron asibiti yau ɗin nan, a gaya wa likita kare ne ya cije shi, kuma rabon karen da rigakafi ya kusa shekara 2. Ciwon haukan kare in alamunsa suka riga suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Yakan yi wata 2 zuwa 3 a ɓoye, wani lokacin mako guda kacal, don haka ganin yaro yana wasansa lafiya lau ba ya nuna komai. Cizon da ya huda fata yana buƙatar jerin allurai: ta farko nan take, sai rana ta 3 da rana ta 7, a wani tsarin kuma da ƙari bayan mako 2. Likita zai duba ko sai an haɗa da wadda ake yi a kewayen raunin, da ta tetanos. Jinkirin kwana 3 bai rufe ƙofa ba, amma kada ya zama kwana 4. Ka biya kuɗin da hannunka ka karɓi rasit.

Shi kuma karen, kada ka kashe shi, kada ka sayar, kada ka tura shi ƙauye. A kulle shi kwana 10 daga ranar cizon, likitan dabbobi yana duba shi yana rubutawa. In ya cika kwanakin lafiya ƙalau, wannan takardar ce za ta kwantar da hankalin iyayen yaron, kuma ita ce shaidarka mafi ƙarfi. In ya mutu ko ya canza hali, likitan zai shirya gwajin ƙwaƙwalwarsa, irin wanda ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Karen da ya ɓace bayan cizo yana barin iyaye cikin zullumi, yana kuma sa alƙali ya ɗauka akwai abin da ake ɓoyewa.

To, ga doka. Ka kawo hujja biyu, cewa karen a ɗaure yake kuma ba ka gayyaci yaran ba. Gaskiyar magana, duka biyun ba su da ƙarfin da kake zato, kuma abin da ya raunana su shi ne wandon ɗan garuwan nan.

Ƙa'idar da kotunan Najeriya suka gada daga dokar Ingila ta raba dabbobi gida biyu. Namun daji irin su kura da zaki, duk wanda ya ajiye su yana ɗauke da alhakin ɓarnarsu kai tsaye. Dabbobin gida kuwa, har da kare, ana ɗora wa mai su alhaki ne in an tabbatar ya san wannan dabbar tana da halin kai wa mutane hari. Ba sai ta taɓa cizo har jini ba. Yunƙurin cizo ya isa. Da zarar an tabbatar da sanin, mai ƙara ba ya buƙatar nuna ka yi sakaci, kuma cewa ka yi iya ƙoƙarinka ba zai fitar da kai ba. Za ka ce ai ba ka nan ranar. An taɓa kawo irin wannan uzuri a shari'ar Daryani da Njoku ta 1965. Karen ya taɓa cizon 'yar aikin gida, aka sanar da matar mai karen, kotu ta ce sanin matar sanin mijin ne. Haka abin yake in maigadi ko yaron gida da aka damƙa wa kula da karen ne ya gani. Saboda haka kada ka yi tunanin ɓoye wannan labari. Ɗan garuwa yana nan a unguwa, za a iya kiransa shaida, kuma ƙarya a gaban kotu laifi ne mai zaman kansa.

Ko da babu wancan tarihin, akwai hanya ta biyu, wato sakaci. Alƙali zai tambayi abin da mai hankali zai yi a ranar da kowa ya san yara suna shiga gida-gida. Kare mai gadi a bakin hanyar shiga, get a buɗe, ba babba a wurin: sarƙar ta hana shi fita ne kawai, ba ta hana yaro isa gare shi ba. Maganar gayyata ma haka. Yawon barka da Sallah al'ada ce da kowane magidanci ya sani, buɗaɗɗen get a irin wannan rana izini ne ko ba a furta ba. Yaron ba ɓarawon da ya hauro katanga da dare ba ne. In akwai shaidar cewa ya jefi karen ko ya tsokane shi da sanda, hakan na iya rage abin da za a ɗora maka, sai dai kotu tana auna ɗan shekara 8 da hankalin sa'o'insa, ba da na babba ba.

In maƙwabcin naka ya zaɓi kotun shari'ar Musulunci, sakamakon ba zai yi nisa da wannan ba. Asalin hukunci shi ne raunin da dabba ta yi da kanta babu lamuni a kansa, kamar yadda ya zo a hadisi. Amma malaman Malikiyya sun fitar da kare mai cizo daga wannan sassauci in an riga an gargaɗi mai shi, kuma Mukhtasar na Shehu Khalil ya ambace shi a babin jini. Ka lura da inda ƙa'idar dokar Ingila da hukuncin Malikiyya suka haɗu: dukansu suna tambayar ko ka sani. Daga washegarin Sallar nan babu sauran gardama, ka sani, unguwa ma ta san ka sani.

Batun caji ofis ba barazanar banza ba ce. Kundin hukunta laifuffuka na Final Kod da jihohin Arewa ke aiki da shi ya sa rashin tsare dabba yadda za ta iya jefa ran mutum cikin haɗari ko ta yi masa mummunan rauni a cikin laifuffuka, haka ma jawo wa wani rauni ta hanyar ganganci. Don haka 'yan sanda suna da hurumin karɓar ƙorafin. In an kira ka, ka je da lauya ko wani dattijo, ka karanta jawabinka kafin ka sa hannu. Beli kyauta ne. Abin da ba su da hurumi a kai shi ne tsare ka har sai ka biya wani adadi na diyya, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin da na farar hula ne zalla. Yanke diyya aikin kotu ne ko na sulhu.

A kotun farar hula mahaifin ne zai shigar da ƙara a madadin yaron. Abin da zai nema kashi biyu ne. Akwai kuɗin da aka kashe a zahiri, na allurai da magani da mota zuwa asibiti, waɗannan sai an jera su ɗaya bayan ɗaya an kawo rasit. Akwai kuma diyyar zafin ciwo da firgici da tabo, wadda alƙali ke kimantawa da rahoton likita.

Shawarata ita ce sulhu, kuma kai za ka fara nema. Ka je gidan da kanka ka duba yaron, ka tafi da mai unguwa ko limamin masallacinku. Biyan kuɗin asibiti ba ya nufin ka amsa duk abin da za a nema daga baya, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta ba da kariya ga takardar tayin sulhu in lauya ya rubuta ta da sharaɗin ba za a kafa hujja da ita a kotu ba. In kun daidaita a rubuta: ranar da abin ya faru, abin da ka riga ka biya, alƙawarin biyan sauran allurai har a kammala, adadin da aka amince a kai na rarrashi, da matakin da za ka ɗauka a kan karen. Ku sa hannu da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Kada a rufe takardar kafin kwana 10 ɗin su cika kuma likita ya sallami yaron, don kada wani sabon kashe kuɗi ya taso a koma gidan jiya. In an riga an kai maganar ga 'yan sanda ko kotu, a kai musu takardar a hukumance, sulhun zaure shi kaɗai ba ya rufe fayil.

Sai Babbar Sallah, wadda ta fi ƙaramar haɗari ga gida mai kare. Ga ƙamshin jini da nama tun safe, ga mahauta baƙi riƙe da wuƙaƙe, ga yara masu kai rabon nama suna shiga suna fita, ga ƙarar bindigar wasa. Karen da aka horar ya ɗauki baƙo a matsayin barazana zai wuni yana ganin barazana ba iyaka.

A raba shi da gindin mangwaron nan. Kare a sarƙa ba shi da hanyar guduwa in an matso shi, abin da ya rage masa shi ne haƙori. A yi masa keji ko ɗaki a bayan gida, nesa da get da wurin yanka, mai inuwa da iska, wanda zai iya miƙewa ya juya ya kwanta. Ragar ta zama mai ƙananan idanu yadda hannun yaro ba zai shiga ba. Tsakaninsa da baƙi a sami shinge biyu, ƙofar kejin da wata ƙofar lungu, don in an manta ɗaya ɗayar ta tare. A sa kwaɗo, sakata kawai yaro zai zare ta. Makullin ya zauna a aljihun babban mutum ɗaya da aka ambata da suna, domin irin wannan tsautsayi yakan faru a lokacin da kowa ya ɗauka wani ne ya kulle. A fara saba masa da wurin tun mako 2 kafin Sallah, ana ba shi abinci a ciki, daga minti 20 har ya kai awanni. In ranar Idi aka fara tura shi, haushi da kokawa da ƙofa zai wuni yana yi.

Ranar Sallah a zagaya da shi da igiya da asuba, kamar rabin awa, a ba shi abinci ya ƙoshi, a cika masa ruwa, a kulle kafin a tafi Idi. Kada a sake shi da dare sai baƙon ƙarshe ya fita an rufe get, masu kwana kuma an gaya musu lokacin. A hana yara kai masa nama, domin kare a kan abinci yakan yi saurin cizo. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji, kitse mai yawa yana sa shi amai da zawo, albasa kuma guba ce gare shi, kuma kare mai ciwo ba ya haƙuri da kowa. Kada a ba shi maganin barci ko na ciwon jiki na mutane don ya yi shiru. In yana da tsananin firgita da ƙara, likitan dabbobi ne zai rubuta abin da ya dace da nauyinsa. In dole sai an fito da shi a gaban mutane, a sa masa takunkumi mai kamar kwando wanda zai bar shi ya yi haki, da gajeriyar igiya a hannun babba.

Mutanen gida su san alamun da ke zuwa kafin cizo: jiki ya sandare, kunnuwa su kwanta baya, yana lasar leɓe, yana kau da kai har farin idonsa ya fito, sai gurnani. Kada a doke shi saboda gurnani. Gargaɗi ne yake bayarwa, in aka hana shi zai koyi cizo ba sanarwa.

Allo a get mai cewa akwai kare yana da amfani, amma ba ya wanke ka a kan yaron da bai iya karatu ba ko almajirin da ya shigo da sallama. Bayan kwana 10 ɗin, a yi wa karen rigakafin haukan kare, a riƙa sabuntawa duk shekara, katin ya zauna tare da takardar sulhun da rahoton likitan dabbobi da hoton sabon kejin. Ka kuma tambayi ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku ko ana buƙatar lasisi. In kuwa likitan ya duba ya ce halin karen ba mai gyaruwa ba ne, ko gidan ba shi da filin da za a yi shinge biyu, to ka mayar da shi wurin da babu yara kafin watan layya ya kama.