Mai zanen gine-gine mara yawan magana zai iya jagorantar sabunta unguwa?

Ɗan'uwa, ka ce an ɗora maka jagorancin sabunta wata tsohuwar unguwa, amma kai mai kawaici ne, hayaniyar taro tana gajiyar da kai. Ka kwantar da hankalinka, aikin nan ya fi buƙatar kunne da ido.

Kafin ka ja layi ko ɗaya, ka zagaya unguwar da safe, da rana, da dare. Ka lura da inda ruwa ke kwanciya bayan ruwan sama, da hanyar da yara ke bi, da inuwar da mutane ke zama. Wani babban kuskure shi ne rushe komai lokaci guda: kuɗin haya ya tashi, mazaunan asali su watse. Ka fara da magudanan ruwa da hanyoyi, gidaje su biyo baya kashi-kashi.

Maimakon babban taro, ka riƙa ganawa da mutum 5 zuwa 8, ka aika musu abin da za a tattauna kwana 2 kafin zaman, sannan ka rubuta matsayar da aka cimma. Sai dai kada kawaicin ya kai ga jinkirta yanke shawara, domin ɗan kwangila zai yanke a madadinka.

Auna ƙarfin tsofaffin bango aikin injiniyan gini ne. Takardun fili da batun diyya kuwa sai lauya.