Amsa: Darasin tarihin masana'antu da ilimin ɗan ƙasa ta waya

Malam, kan tambayarka ta yadda za a koyar da yaran Garwa ta ƙasar Kamaru waɗannan darussa daga nesa ga ƙarancin data: kada ka fara da bidiyo. Murya ta minti biyar a WhatsApp ba ta cin data sosai. Haɗa ta da hoto ɗaya da tambaya biyu.

Ka ɗauko misali daga ƙofar gida. SODECOTON, kamfanin audugar Kamaru da aka kafa a 1974, ya isa darasi uku: noman auduga, gurzar ta, sai matse man anguriya. Daga nan madatsar Lagdo ta 1982 da wutar da take bayarwa, sai jirgin ƙasa da ya iso Ngaundere a 1974.

A ilimin ɗan ƙasa, a karanta tsarin mulkin Kamaru na 18 ga Janairu 1996 sashe-sashe: 'yan majalisa 180, sanatoci 100, cikinsu shugaban ƙasa ke naɗa 30.

Manhajar Kiwix tana buɗe Wikipedia ba intanet. A sauke sau ɗaya, a raba ta Bluetooth. Matsalar ita ce wayar ta uba ce, tana kasuwa da rana. Sai ka tura darasi bayan Magariba.