Faifai Biyu a Cikin Akwati Ɗaya Ba Su Isa Ba

Ɗana, ka tambaye ni ko tsohuwar kwamfutar da ka mayar ma'ajiyar fayiloli ga wani gida a nan Garwa ta wadatar, tunda ka ɗora mata Debian, manhajar da take tafiyar da kwamfutar, da Samba, wadda take raba fayiloli ga kwamfutocin gidan, ka kuma haɗa faifai biyu a tsarin RAID 1, kowane yana ɗauke da abin da ɗan'uwansa yake ɗauke da shi. Abin da ka yi yana da kyau, amma bai wadatar ba, kuma kada ka gaya wa maigidan cewa kayansa sun tsira tukuna.

RAID 1 abu guda kawai yake karewa, wato mutuwar faifai ɗaya. Idan yaro ya goge hotunan auren yayarsa bisa kuskure, faifan biyu za su goge su tare nan take. Idan cutar nan mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa ta shigo ta kwamfutar Windows ta gidan, abin da ta kulle a ɗaya shi ne a ɗayan. Haka nan tsawa da damina, da wutar da ta dawo da ƙarfi, da ɓarawo, duk akwatin kwamfutar gaba ɗaya suke ɗauka. Shi ya sa masu sana'ar nan suke bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku na kowane abu mai muhimmanci, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki yana wani wurin da ba gidan ba.

Kafin ka sayi wani faifai, ka zauna da maigidan ku raba kayan kashi biyu. Akwai abin da in ya ɓace ya ɓace ke nan, kamar hotunan takardun fili da na haihuwa da shaidar karatu, da littafin bashi na shago, da hotunan suna da na iyayen da suka rasu. Akwai kuma abin da za a iya sake samowa, kamar finafinai da karatuttukan malamai. Kowane kashi ka ba shi foldarsa, kowane mutum kuma ka buɗe masa sunansa da kalmar sirrinsa a Samba, foldar da kowa yake gani ka sa ta ta dubawa kawai, ba mai iya canzawa ko gogewa. Sau da yawa za ka tarar kashi na farko ƙarami ne ƙwarai, kuma shi ne ya cancanci yawancin kuɗinka da hankalinka.

Kwafi na biyu ya zauna a faifai na uku, wanda Samba ba ta nuna shi ga kowa, domin abin da kwamfutocin gidan ba sa gani, cutar da ta kama su ma ba ta kai gare shi. Ka sa manhajar ajiye kwafi, restic ko BorgBackup, ta ɗauki kwafi kowane dare, ka riƙe na kwana 7, da na mako 4, da na wata 12. Kada ka ji tsoron cika faifan, domin manhajojin nan ba sa maimaita abin da bai canza ba. Kada kuma ka dogara da manhajar Syncthing a wannan gurbi, domin aikinta daidaita wurare biyu ne, kuma gogewa ma takan kai ta ɗaya wurin idan ba a saita ta da kula ba.

Kwafi na uku ne yake wahalar da mu a nan arewa, saboda tsadar data da rashin saurin turawa. Yi lissafin da kanka: terabait 1 a kan layin da yake tura megabit 1 a daƙiƙa zai ci kwana 92 da ɗoriya ba tare da yankewa ba. Saboda haka kashi na farko kawai za ka tura ta intanet, kuma gigabait 15 da Google Drive yake bayarwa kyauta sukan ɗauki takardun gida guda, muddin ka kulle su da kalmar sirri kafin su bar gidan. Sauran kayan ka sayi faifan USB guda biyu, ka kulle su da LUKS, wato tsarin kulle faifai da kalmar sirri, ɗaya yana gida yana karɓar kwafi, ɗaya yana hannun wani ɗan'uwa amintacce, ana musanya su kowace Juma'a. Gidan ɗan'uwan ya kasance a wata unguwa mai tudu, nesa da bakin Binuwai, domin ambaliyar da ta ci gida ɗaya kada ta ci biyun. Kalmar sirrin kuwa a rubuta ta a takarda, a ajiye a wuri biyu, maigidan da wani babba a gidan su san inda take, domin faifan da aka manta kalmarsa ba mai iya buɗe shi, har ni da kai.

Zafin Maris da Afrilu a Garwa yakan wuce digiri 40, hunturu kuma yana cika fanka da ƙura, don haka ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka sa shi inda iska take ratsawa, ka riƙa busa masa ƙura. Ka haɗa shi da UPS, na'urar batirin da take riƙe wuta in an ɗauke, ka saita manhajar NUT ta kashe kwamfutar cikin tsari kafin batiri ya ƙare, sannan ka riƙa duba lafiyar faifan da manhajar smartctl.

Farkon kowane wata ka zaɓi wasu fayiloli daga faifan da ya dawo daga waje, ka maido da su a wata kwamfuta daban, ka buɗe su a gaban maigidan ya gani da idonsa, sannan ka rubuta ranar da sakamakon a ƙaramin littafin da za ka bari kusa da akwatin.