Amsa ga Kawu Malam daga Sifaniya, ƙasar da aka taɓa kira Andalus

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da almajirai. Saƙon muryar da ka aiko ta wayar autanka ya iso. Na saurare shi sau uku, na kuma kunna wa 'yan'uwa bayan sallar isha'i, don tambayar ba tawa ba ce ni kaɗai. Ka ce abu uku sun tsaya maka a rai. Na je masallacin Kurɗuba har na aiko hoto, amma ban yi ko raka'a biyu a ciki ba. Ɗan'uwanmu ɗan Damagaram da ya rasu bara ya kwana biyu ba a kai shi makwancinsa ba. Sannan an gaya maka ba ma yanka ragon layya a ƙofar gida, ba ma kiran salla da lasifika. Shi ne ka ce, ko dai mun fara jin kunyar addini ne a ƙasar da Musulmi suka yi kusan shekara 800 da mulki a cikinta?

Wallahi ba kunya ba ce, Kawu. Amma ba zan iya kwantar maka da hankali ba sai na ba ka labarin mutanen da muke zaune a cikinsu, don yadda muke takawa a nan daga abin da ya same su ya fito.

Farkon labarin kai ka karantar da mu a zaure, kuma yadda ka faɗa haka yake. Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetaro a 711, dutsen da ya sauka har gobe sunansa yake amsawa. Abdurrahman na gidan Umayyawa ya kafa mulki a Kurɗuba a 756, jikansa na nesa ya ɗauki laƙabin halifa a 929. Rabin abin da ke cikin gafakarka daga nan ya fito. Muwaɗɗar da muke karantawa ruwayar Yahaya bin Yahaya ce, mutumin Kurɗuba. Mai Ashafa ya yi alƙalanci a Granada, garin da nake zaune, wanda littattafanku ke kira Garnaɗa. Mai Tuhufar da alƙalanmu suka yi ta yanke hukunci da ita ɗan garin nan ne. Ranar da na fara ganin allon hanya mai nuna Jayyan, mahaifar mai Alfiyya, tafiyar kamar awa ɗaya daga gidana, sai da na faka mota a gefen titi na yi shiru, ina jiyo muryarka kana ja mana baiti. Har a bakinsu alamar tana nan: shugaban gari alkalde suke ce masa, alƙalinmu ke nan, kuma idan suna fatan abu sai su ce ohala, wanda asalinsa ambaton yardar Allah ne da Larabci.

Ƙarshen labarin ne ba a cika tsayawa a kansa ba a gida. Halifancin ya wargaje a 1031, kowane gari ya naɗa sarkinsa, suna yaƙar juna, wasu suna biyan sarakunan Kirista na arewa gandu don a taya su murƙushe maƙwabci. Toledo ta tafi a 1085. Murabiɗai sun taho daga Sahara sun tsayar da ɓarnar a 1086, amma bayan kashin da Musulmi suka sha a 1212 sai abu ya zama gangara. Kurɗuba ta faɗi a 1236, a shekarar aka mai da masallacin coci. Ka lissafa, Kawu: an fara gina shi wajen 785, ya yi shekara kusan 450 ana salla a cikinsa, yanzu kuwa ya doshi shekara 800 a hannun Katolika. Tun 1523 suka fara gina babban cocinsu a tsakiyar ginshiƙan. Tikiti ake saya a shiga, masu gadi suna zagayawa, duk wanda ya ɗaga hannu zai yi kabbara sai a tare shi. Musulmin ƙasar sun sha roƙo, cocin ya ƙi. A 2010 wasu matasa baƙi daga Ostiriya suka tayar da salla a ciki, aka yi kokawa da masu gadi har magana ta kai kotu. Mu da ke zaune a nan mu muka yi makonni muna amsa tambaya a wurin aiki. To ni na tsaya gaban mihirabin, rubutun ayoyi na nan da ruwan zinare kamar jiya aka yi, hawaye suka zubo mini, na yi salati a zuciya, na fita na nemi wani ƙaramin masallaci a cikin gari na yi azahar.

Abin da ya biyo bayan faɗuwar Granada shi nake so ka ji da kyau. Ranar 2 ga Janairun 1492 sarkinta na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya miƙa makullan gari ga sarakunan Kirista Fernando da Isabela, bisa rubutaccen alkawari cewa ba za a taɓa masallatai ba, ba za a tilasta wa kowa barin addininsa ba. A shekarar aka kori Yahudawa. Alkawarin Musulmi bai cika shekara goma ba. A 1499 babban limamin coci Sisneros ya zo ya fara yi wa mutane wankan shiga Kiristanci gungu-gungu, ya sa aka tara littattafan Larabci aka cinna musu wuta a dandalin Bib-Rambla. Dandalin yana nan da sunansa, yara na wasa a ciki, ina ratsa shi kusan kullum. Daga 1502 Musulunci ya haramta a masarautar Kastila, zuwa 1526 ya haramta a ko'ina. Waɗanda suka zauna aka sa musu suna Morisko, Kirista a takarda, da yawansu Musulmi a ɗaka. Akwai kotun coci ta binciken aƙida, wadda aka kafa tun 1478, aikinta ke nan. Mutum ya sa wankakkiyar riga ranar Juma'a, ko an gan shi yana wanke hannu da ƙafa, ko an miƙa masa naman alade ya kau da kai, ya isa maƙwabci ya kai ƙara. A 1567 sarki Filibus na biyu ya hana su Larabci da sunayensu da tufafinsu da gidajen wankansu, ya kuma ce ranar Juma'a da ranar biki a bar ƙofar gida a buɗe don a ga abin da ake yi. Sun yi bore a duwatsun Alfuhara daga 1568 zuwa 1571, aka murƙushe su, aka watsa su cikin ƙasa. Daga 1609 zuwa 1614 aka kwashe kimanin mutum 300,000 aka fitar da su, har da waɗanda suka zama Kirista da gaske tun kakanni.

Ka san da me suka riƙe addini fiye da shekara 100 a ɓoye? Da ajami, Kawu. Larabci ya kuɓuce wa 'ya'yansu, sai suka riƙa rubuta Sifaniyanci da baƙaƙen Larabci, yadda kake rubuta mana Hausa. Sunan rubutun ma alhamiyado, daga kalmar ajamiyya. Suna rubuta farillan alwala da ƙissoshin annabawa su cusa a bango. A 1884 magina suna rushe wani tsohon gida a ƙauyen Almonasid suka tarar da tarin irin waɗannan littattafai a ɓoye ƙarƙashin daɓe. Idan ana maganar ɓoye addini, wannan shi ne. Mu da muke fita sallar idi da manyan riguna a tsakiyar titi ba mu ɓoye komai ba.

Da aka gama da Yahudu da Musulmi, sandar ba a ajiye ta ba, kan 'ya'yan gida ta koma. Coci da fada da masu manyan gonaki suka zama tsintsiya ɗaya, talaka ya riƙa ganin limamin coci a matsayin ɗan gidan mai gona. A 1931 aka kawar da sarauta aka kafa jamhuriya, ta raba coci da gwamnati. A 1936 sojoji suka yi tawaye, Janar Franko ya zama jagoransu, aka shiga yaƙin basasa har 1939. A ɓangaren jamhuriya an ƙone coci-coci, an kashe limaman coci da masu hidimarsa kusan 7,000. Ɓangaren Franko ya harbe dubun dubatan mutane, malaman makaranta da 'yan ƙwadago da manoma, manyan coci kuma suka sa wa yaƙinsa albarka suka ce na addini ne. Ya mulki ƙasar har mutuwarsa a 1975, Katolika ce addinin gwamnati, ko Kiristan da ba Katolika ba a takure yake ibada.

Akwai wata tsohuwa a benen da ke ƙasa da namu, ta haura 90. Matata ke kai mata kunu da azumi. Wata rana ta ciro hoton mahaifinta daga cikin gwangwanin biskit, saurayi da hular leburori, ta ce an ɗauke shi da dare a 1936 tana goye, har yau ba ta san ramin da aka jefa shi ba. Ba ta shiga coci sai jana'iza. Amma a makon Ista, idan aka fito da mutum-mutumin Maryama ana bin unguwa da ganguna da kyandir, za ka gan ta a baranda tana share hawaye. Haka yawancinsu suke. Addinin na cikin jininsu, amma da zarar sun ji wani ya ɗaga murya da sunan Allah yana neman iko a kan titi, sai gabansu ya faɗi, ko da wane addini ya zo. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Inuwar da muke salla a ƙarƙashinta yau daga wannan tsoron aka dasa ta. Kundin tsarin mulkin 1978 ya ce babu addinin da zai zama na gwamnati, kowa ya yi nasa. A 1992, shekara 500 cif bayan faɗuwar Granada, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da Hukumar Musulunci ta Sifaniya aka mai da ita doka. Ta amince da auren da liman ya ɗaura, da koyar da addini a makarantun gwamnati, da keɓe wa Musulmi wuri a maƙabarta, da barin ma'aikaci ya tafi Juma'a daga ɗaya da rabi zuwa huɗu da rabi idan sun daidaita da mai aikin. Ba duka ake cikawa ba, wasu sai an yi ta zarya. Babban masallacin Granada ya ci fiye da shekara 20 ana ja-in-ja kafin a buɗe shi a 2003, a kan tudun Albaisin, yana fuskantar fadar Alhambra. Ladan yana hawa hasumiya ya kira salla da muryarsa tsura, kamar yadda aka yi a zauren kakanmu kafin zuwan lantarki. A shekarar da ta biyo baya, ranar 11 ga Maris 2004, wasu da ke kiran kansu Musulmi suka tayar da bama-bamai a jiragen ƙasa a Madrid, suka kashe mutum fiye da 190, cikinsu har da Musulmi masu tafiya neman abinci. Mun kwana a firgice, amma ba a bi mu gida-gida ba, ba a rufe masallacin ba. Wannan na riƙe musu shi a zuciya.

Game da mamacinmu, Allah ya jiƙansa. A gonar rumfar leda ya faɗi, can wajen Almeriya inda yawancin 'yan'uwanmu ke aikin tumatir da barkono. Wanda ya mutu kwatsam ba a san dalili ba sai likitan hukuma ya duba, alƙali ya sa hannu, kuma ko ba haka ba yawanci ana jiran awa 24 kafin a binne mutum. Su mutanen gari yawanci a bango suke sa mamatansu, rami bisa rami kamar kanta, a toshe da dutse. Maƙabartun Musulmi kaɗan ne, shi ya sa muke da asusu, Hausawan Najeriya da na Nijar da 'yan zangon Gana, kowa na zubi duk wata don irin wannan rana. Malaminmu ya yi masa wanka tare da 'yan Moroko, da yake duk Malikawa ne babu saɓani, muka sa shi a ƙasa da likkafaninsa, ba akwati, yana fuskantar alƙibla. Maƙabartar tana bayan Alhambra, asalinta an yanke ta ne lokacin yaƙin basasa don sojojin Moroko da Franko ya kwaso suka yi masa yaƙi.

Layya kuwa doka ce ta ce a mayanka za a yi yankan. Muna ba mahauci ɗan Moroko sautu, Musulmi ya yanka da bisimilla, mu karɓo da yamma ko washegari. Da yawanmu gida muke aikowa, kamar kuɗin ragon da ke iso maka. Filin idi aro muke yi a wurin hukumar gari. A 2025 hukumar wani gari mai suna Humiya ta hana taron addini a filayen wasanninta, kowa ya san da mu ake, sai ga majalisar bishop-bishop na Katolika ta fito fili ta ce wannan tauye 'yancin ibada ne. Ban taɓa zaton zan ji haka daga bakinsu ba. Ba na ce komai ya gyaru ba. Duk 2 ga Janairu ana bikin karɓe Granada a dandalin gari, ranar muna tsare yara a gida. A 2015 an yi dokar ba zuriyar Yahudawan da aka kora takardar zama 'yan ƙasa, ba a yi wa zuriyar Morisko ba, kuma abin yana ci mini rai.

Ranar Asabar nake tara yaranmu karatu. Kwanaki na nuna musu hoton shafi ɗaya na littattafan Morisko, sai 'yata ta ce ai fa ɗinsu ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, irin na Alƙur'anin da Kawu Malam ya ba mu. Don Allah ka rubuta musu farillan alwala da ajami da hannunka, shafi biyu ma sun isa, akwai mai tahowa bayan Maulidi zai biyo ya karɓa. A sa mamacinmu a addu'a ranar saukar karatu. A gaishe mini da Inna da su Hajiya, da duk wanda ya tambaye ni.